Yadda Ake Ajiye Bayanan Rumbu a Ma'ajiyar Kusa Ba Tare da Manhaja Ta Riƙa Yi wa Mutane Ƙarya Ba

Manhajar babban kamfani, irin wadda ma'aikata dubbai ke shiga a lokaci guda, yawancin aikinta maimaici ne. Duk shafin da aka buɗe sai ta koma rumbun bayanai ta tambaya: wane ne wannan, a wane sashe yake, me aka ba shi izinin gani, waɗanne rassa kamfanin ke da su. Amsar ba ta canza ba tun makon jiya, amma ana neman ta sau dubu a minti guda. Ma'ajiyar kusa, wadda masu sana'ar ke kira kash, wuri ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake ajiye kwafin irin wannan amsa, domin a riƙa ɗaukowa nan take a bar rumbu ya huta.

Ajiyewar ba ta da wuya, layi biyar na kod ya isa. Inda gizo ke saƙa shi ne, kwafi tun daga lokacin da aka ɗauke shi ya fara tsufa. Idan sabar guda ce ke aiki, wato kwamfuta ɗaya da manhajar ke gudana a kanta, kuma ita kaɗai ke rubutu a rumbun, abin da sauƙi. Amma a kamfani sabar shida ko goma ne ke gudanar da manhaja ɗaya, kuma rumbun ba nata ba ne ita kaɗai. Saboda haka duk matakan da ke tafe suna zagaye ne da tambaya guda: yaushe wannan kwafin zai daina zama gaskiya, kuma wa zai sanar da ma'ajiya?

Mataki na farko: auna kafin ka taɓa komai

Kada ka yi aiki da zato. Idan rumbunka PostgreSQL ne, kunna pg_stat_statements, mai ƙirga lokacin da kowace tambaya ke ci. A MySQL akwai rajistar tambayoyi masu nawa, a SQL Server kuma akwai Query Store tun fitowar 2016. Bar su su tattara bayani na kwanakin aiki na gaske, har da ranar da aka fi cunkoso.

Sa'ad da za ka duba, jera tambayoyin bisa jimillar lokacin da suka ci, ba bisa wadda ta fi daɗewa a karo ɗaya ba. Tambayar da ke ɗaukar daƙiƙa 3 amma sau goma ake yin ta a rana ba ita ce matsalarka ba. Wadda ke ɗaukar kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa amma ana yin ta sau miliyan biyu, ita ke cinye rumbun.

Da ka gano su, ka fara tambayar kanka ko gyara suke bukata, ba ɓoyewa ba. EXPLAIN ANALYZE zai nuna maka ko tambayar na karanta tebur gaba ɗaya saboda rashin fihirisa, wato jagorar da ke kai rumbu ga layin da ake nema kai tsaye. Sau da yawa kuma za ka tarar kod ɗin na ɗauko jerin abu ɗari, sannan ya koma rumbu sau ɗari yana neman bayanin kowanne, alhali tambaya ɗaya ta wadatar. Wanda ya rufe irin wannan da ma'ajiya bai warkar da komai ba, ya dai ɗage ranar da ciwon zai tashi. Ka tuna shi ma rumbun yana da tasa ma'ajiyar a ciki, shared_buffers a PostgreSQL da buffer pool a InnoDB, don haka tambaya mai kyakkyawar fihirisa da ma daga ƙwaƙwalwa ake amsa ta.

Mataki na biyu: tantance abin da zai jure tsufa

Wannan mataki ba na masu kod ba ne su kaɗai. Ka zauna da masu aikin da manhajar ke yi wa hidima, ka ɗauki kowane nau'in bayani ka tambaye su: idan wani ya canza wannan yanzu, amma wani ya ci gaba da ganin tsohon na minti biyar, me zai faru? Amsar farko da za su ba ka ita ce ba su yarda ba ko na daƙiƙa ɗaya. Ka matsa. Ka ce to a ce an sauya sunan wani sashe, wani ma'aikaci bai gani ba sai bayan minti biyar, wa aka cuta? Nan za su fara bambancewa.

Akwai bayanan da kusan ba sa motsi: jerin ƙasashe, sunayen rassa, nau'o'in kaya, saitin manhaja. Waɗannan su ne ganimar ma'ajiya, awa guda ko fiye ba ta dame su ba. Akwai masu canzawa jefi-jefi amma ana karanta su ba ƙaƙƙautawa, kamar bayanin abokin ciniki ko na wani kaya. Su ma sun dace, amma da sharaɗin a soke kwafinsu duk lokacin da aka yi gyara.

Sai kuma waɗanda ake yanke hukunci a kansu: ragowar kuɗi a asusu, adadin kayan da suka rage a sito, lambar takarda ta gaba. Ƙa'idar da nake bi a nan ita ce, ana iya nuna kwafi, amma ba a yanke hukunci da kwafi. Shafi zai iya nuna cewa saura kaya 12 daga ma'ajiya, amma lokacin da mutum ya danna zai ɗauka, dole a koma rumbu a tabbatar a cikin dunƙulen aikin da zai rage adadin, wato aikin rumbu da ko dai ya tabbata gaba ɗaya ko a fasa shi gaba ɗaya. In ba haka ba mutum biyu za su sayi abu ɗaya.

Izinin shiga yana da nasa hatsarin. Shi aka fi karantawa a kowace manhaja, don haka kwaɗayin ajiye shi na da ƙarfi. Amma a ce an sallami ma'aikaci da ƙarfe goma, an cire izininsa a rumbu, kwafin kuma wa'adinsa awa ɗaya ne. Har ƙarfe sha ɗaya yana iya buɗe abin da ya ga dama. Idan za ka ajiye izini, wa'adin ya zama gajere ƙwarai, kuma cirewa ta riƙa soke kwafin nan take.

Kafin ka tashi daga wannan mataki, rubuta abu ɗaya ga kowane tebur: su wa ke rubutu a cikinsa. Manhajarka, na'am. Aikin dare da ke shigo da bayanai daga wani tsarin fa? Tsohuwar manhajar sashen kuɗi fa? Mai kula da rumbu da ke gyara layi da hannu idan an kira shi? Wannan jerin za ka bukace shi a mataki na bakwai.

Mataki na uku: zaɓi inda kwafin zai zauna

Wuri biyu ne. Ko dai a cikin ƙwaƙwalwar ita manhajar, ko a wata sabar daban da dukkan sabobin manhajar ke tarayya a kanta.

Na cikin gida shi ya fi sauri nesa ba kusa ba, domin ba a ratsa hanyar sadarwa. Masu Java suna da Caffeine da Ehcache, masu .NET suna da IMemoryCache. Illarsa ita ce kowace sabar da nata kwafin. Idan kana da sabar shida a bayan mai rarraba buƙatu, kana da kwafi shida da ba su san da juna ba. Mutum ya gyara adireshi, sabar ta biyu ta karɓa ta soke nata kwafin. Ya sabunta shafi, buƙatar ta faɗa sabar ta biyar, tsohon adireshi ya dawo. Ya sake sabuntawa, sabo ya fito. Wanda zai kawo maka wannan ƙorafi cewa zai yi manhajar ta haukace, kai kuma ba za ka iya maimaita matsalar a kwamfutarka ba, tun da sabar ɗaya ce a can.

Na tarayya shi ne Redis, wanda Salvatore Sanfilippo ya fara a 2009, ko Memcached, wanda Brad Fitzpatrick ya rubuta a 2003 domin LiveJournal. Akwai kuma Valkey, reshen Redis da aka ɓalle a 2024 bayan sauyin lasisi, umarninsu kusan iri ɗaya. A nan kwafi ɗaya ne ga kowa, an soke shi an soke wa kowa. Kuɗin da ake biya shi ne zuwa da dawowa ta hanyar sadarwa, wanda a cikin cibiya ɗaya yakan kasance ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, da kuma aikin mayar da bayani zuwa rubutu da dawo da shi.

Shawarata: idan sabarka ta wuce ɗaya, fara da na tarayya. Ka ƙyale na cikin gida ga bayanan da ba sa motsi kawai. Haɗa su biyun hawa-hawa yana yiwuwa, manyan tsare-tsare na yi, amma ka ninka wuraren da tsohon bayani zai iya maƙalewa, don haka sai awo ya nuna maka bukata.

Masu Hibernate, kayan aikin Java da ke shiga tsakanin kod da rumbu, su lura. Ma'ajiyarsa ta mataki na biyu tana da daɗin kunnawa, amma abin da ya bi ta hannun Hibernate kaɗai ta sani. Rubutun da wata manhaja ta yi kai tsaye a tebur ba ta da labarinsa.

Mataki na huɗu: tsara mabuɗi da abin da za a ajiye

Mabuɗi shi ne sunan da ake ajiye kwafi da shi, kuma dole ya ƙunshi duk abin da ke iya sauya amsar. Misali:

`oda:v3:kamfani17:ha:48213`

Nau'in bayani, lambar fasali, kamfanin da ke da bayanin, harshe, sai lambar abin. Idan manhaja ɗaya ke yi wa kamfanoni da yawa aiki kuma ka manta da lambar kamfani a mabuɗi, wata rana abokin cinikin wannan zai ga odar wancan. Wannan ba jinkiri ba ne ko tsufa, fallasa ce, kuma tana iya kai ku kotu. Haka idan amsar ta dogara da izinin mai tambaya. Ko dai ka sa matsayinsa a mabuɗi, ko kuma, wanda ya fi, ka ajiye bayanin ɗanye ka tace shi bayan ɗaukowa.

Lambar fasali tana ceto a ranar fitar da sabon kod. Idan ka ƙara wa bayanin wani fili, sai ka mayar da v3 zuwa v4. Sabon kod ba zai ci karo da tsohon tsari ba, tsofaffin mabuɗai kuma su mutu da kansu idan wa'adinsu ya cika. Ka haɗa ginin mabuɗi a wuri ɗaya a kod, kada kowa ya riƙa ƙera nasa, domin mai sokewa dole ya fitar da daidai mabuɗin da mai ajiyewa ya fitar, harafi da harafi.

Abin da za a ajiye kuwa ya zama ƙarami kuma tsayayye. Kada ka jefa abin da Hibernate ko Entity Framework ya ɗauko yadda yake, da igiyoyinsa da ke komawa rumbu. Kwashe filayen da ake bukata kawai. A ma'ajiyar cikin gida, ka tabbata ba wanda zai iya canza abin da aka ba shi, domin abu ɗaya ne ake miƙa wa kowa. Wani ya sauya fili ɗaya don amfanin kansa, ya sauya wa duk mai zuwa bayansa. Memcached yana da iyaka: mabuɗi bait 250, abin ajiya kuma megabait 1 idan ba a sauya saiti ba. Redis ya fi haka yalwa, amma manyan ƙunshi suna tsayar da shi, tun da umarni ɗaya bayan ɗaya yake zartarwa.

Mataki na biyar: hanyar karantawa

Tsarin da aka fi bi shi ne manhaja ta riƙe ragamar da kanta:

1. Nemi mabuɗin a ma'ajiya.
2. Idan yana nan, mayar da shi, an gama.
3. Idan ba ya nan, tambayi rumbu.
4. Ajiye amsar tare da wa'adi, sannan ka mayar da ita.

A Redis ajiyewar ita ce `SET mabuɗi bayani EX 600`, wato minti goma. Kowane mabuɗi ya samu wa'adi, har wanda kake da tabbacin kana soke shi daidai. Wa'adi ne ke iyakance ɓarna a ranar da sokewa ta kuɓuce, kuma za ta kuɓuce. Masu Memcached su kiyaye wani tarko: adadin da ya haura kwana 30 ba a ɗaukarsa a matsayin tsawon lokaci, ana fassara shi a matsayin takamaiman lokaci na agogon Unix, sai kwafin ya mutu tun kafin a yi amfani da shi.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na ɗaya, amsar "babu" ita ma amsa ce. Idan ana ta neman lambar da ba ta wanzu, kowace buƙata za ta wuce ma'ajiya ta faɗa rumbu. Ajiye wata alama da ke nufin babu, da wa'adi gajere, daƙiƙa 30 ko 60, kuma ka soke ta idan an ƙirƙiri abin. Na biyu, ka sa wa kiran ma'ajiya iyakar jira ƙanƙanuwa. Idan Redis bai amsa da wuri ba, a ɗauka ba a samu ba, a wuce rumbu. Ma'ajiyar da ta mutu tana da sauƙin sha'ani a kan wadda ke amsawa a hankali, domin ta biyun riƙe dukkan zaren aikin manhaja take yi har komai ya tsaya.

Mataki na shida: hanyar rubutu, inda aka fi faɗuwa

An gyara bayani a rumbu. Me za a yi da kwafin? Hankali zai ce a rubuta sabon a kansa. Kada ka yi. Goge shi, mai karatu na gaba ya ɗauko sabo.

Ga dalili. Sabar A ta rubuta wa rumbu "Talata", sabar B ta biyo baya ta rubuta "Laraba". A rumbu Laraba ce gaskiya. Amma saƙon B ya riga isa ma'ajiya, na A ya ɗan makara a hanya ya iso daga baya. Yanzu ma'ajiya na cewa Talata, kuma haka za ta ci gaba da cewa har wa'adi ya cika. Gogewa ba ta da wannan matsala, domin ko wace ta riga isa, sakamakon ɗaya ne. Injiniyoyin Facebook, a bayanin da suka fitar a 2013 kan yadda suke amfani da Memcached, gogewa suka zaɓa.

Sai lokacin gogewar, wanda shi ma yana da muhimmanci kamar ita kanta. Dole ta zo bayan COMMIT, umarnin da ke tabbatar da gyara a rumbu. Duba abin da ke faruwa idan ta riga shi. Sabar A ta buɗe dunƙulen aiki, ta gyara layi, ta goge kwafin, amma ba ta rufe ba tukuna. A wannan ɗan taƙin sabar B ta zo karatu, ba ta samu kwafi ba, ta tambayi rumbu. Rumbu bai tabbatar da gyaran A ba, don haka tsohon bayani ya ba ta. B ta ajiye shi da sabon wa'adi na minti goma. A ta rufe aikinta cikin nasara. Babu kuskure a rajista, babu abin da ya fashe, amma mutane za su ga tsohon abu na minti goma.

Wannan tarkon yana kama masu Spring, tsarin gina manhaja a Java, sosai. Za ka sa @CacheEvict a kan wani aiki, ka ga yana gogewa bayan aikin ya ƙare, ka natsu. Amma idan an kira shi daga cikin wani babban aiki mai @Transactional, ƙarshen ƙaramin ba shi ne ƙarshen dunƙulen ba. Maganin shi ne @TransactionalEventListener, wanda ke jira sai an tabbatar, ko TransactionAwareCacheManagerProxy. A Django akwai transaction.on_commit. Wani abin lura a Spring: idan aiki ya kira ɗan'uwansa a cikin aji ɗaya, alamar @Cacheable ba ta aiki sam, domin kiran bai bi ta wakilin da ke kula da ita ba.

Ko ka yi komai daidai, wata 'yar kafa ta rage. B ta karanta tsohon bayani daga rumbu, kafin ta ajiye sai ta ɗan tsaya. A ta gyara, ta tabbatar, ta goge. Sannan B ta farfaɗo ta ajiye tsohon. Ba kasafai yake faruwa ba, tun da karatu ya fi rubutu sauri, amma ƙofar tana faɗaɗa ƙwarai idan karatunka na zuwa ne daga rumbu mai bin baya, wanda ke kwafar babban rumbu da ɗan jinkiri. A nan ba sai B ta tsaya ba, mai bin bayan ne bai samu labari ba tukuna.

Hanyoyin toshewa sun bambanta a nauyi. Mafi sauƙi, cika ma'ajiya daga babban rumbu, ba daga mai bin baya ba. Wasu suna gogewa sau biyu, ɗaya nan take, ɗaya bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ba ta da kyan gani amma tana rage ɓarna. Facebook ya yi amfani da tikiti: wanda bai samu kwafi ba ana ba shi tikitin ajiyewa, gogewa kuma tana kashe duk tikitin da aka bayar kafinta, sai a ƙi karɓar ajiyar B. Ga yawancin manhajojin kamfani, gogewa bayan COMMIT da wa'adi mai ma'ana sun isa. Bayanin da ba zai jure ko wannan 'yar kafa ba, tun a mataki na biyu ya kamata a cire shi.

Jeri da taƙaitawa sun fi layi ɗaya wahala. Gyara oda guda na iya shafar jerin odar abokin ciniki, jerin na yau, da jimillar wata. Ko dai ka ajiye lambobin abubuwan kawai a jeri, ka ɗauko kowanne da nasa mabuɗin, ko ka bar jerin ga gajeren wa'adi. MySQL ya taɓa samun ma'ajiyar tambayoyi a cikinsa, wadda ke zubar da duk abin da ya shafi tebur da zarar an taɓa layi ɗaya. Ta zama cikas a inda rubutu ya yi yawa, har aka cire ta a fitowa ta 8.0.

Mataki na bakwai: masu rubutu daga waje

Ɗauko jerin nan na mataki na biyu. Duk wanda ke rubutu ba ta hanyar manhajarka ba, gogewarka ba ta ganinsa.

Idan tsufa na 'yan mintuna ba laifi, wa'adi kaɗai ya isa, ka wuce. Idan ba haka ba, labarin canji dole ya fito daga rumbun kansa. A PostgreSQL kana iya sa trigger a tebur, wato ɗan kod da ke tashi da kansa idan an taɓa layi, ya aika NOTIFY, wani ƙaramin aiki da ke LISTEN ya karɓa ya goge mabuɗin. Kyawunsa shi ne sanarwar ba ta fita sai bayan COMMIT. Rauninsa, wanda ba ya kan layi a lokacin ya rasa ta har abada. Saƙon PUBLISH na Redis, da ake yawan amfani da shi wajen gaya wa sabobi su soke kwafinsu na cikin gida, shi ma haka yake. Don haka duk mai sauraron da layinsa ya katse ya dawo, ya zubar da abin da yake riƙe da shi gaba ɗaya, tun da bai san me ya wuce shi ba.

Hanya mafi ƙarfi ita ce karanta rajistar canje-canje ta rumbu, binlog a MySQL ko WAL a PostgreSQL. Debezium na yin wannan, yana zuba kowane canji a Kafka, manhajar da ke jera saƙonni ta riƙe su ga masu karantawa, kuma ko ya tsaya zai ci gaba daga inda ya tsaya. Sai dai kaya ne mai nauyi. A PostgreSQL, idan mai karatun ya daɗe a kwance, rumbu zai yi ta tara masa rajista har faifai ya cika. Ka sa ido a kan haka, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Mataki na takwas: hana turmutsutsu

A ce mabuɗi ɗaya ana neman sa sau 2,000 a daƙiƙa, kuma gina shi na ɗaukar rabin daƙiƙa. Da wa'adinsa ya cika, buƙatu kusan 1,000 za su tarar ba ya nan, dukkansu su ruga rumbu da tambaya iri ɗaya. Rumbu ya yi nauyi, rabin daƙiƙa ta zama biyar, masu jira su ninka.

Bari mutum ɗaya kawai ya je. A Redis, `SET kulle:mabuɗi alama NX EX 10` na ba wanda ya riga kowa makulli, sauran su ɗan jira su sake dubawa. Wa'adin da ke kan makullin wajibi ne, don kada mai riƙe da shi ya mutu da shi a hannu. Caffeine na yin irin wannan da kansa a cikin sabar guda, kuma refreshAfterWrite ɗinsa na ci gaba da bayar da tsohon kwafi yayin da ake ɗauko sabo a bayan fage. Ga bayanan da suka jure tsufa, wannan ya fi sa mutane jira.

Ka kuma warwatsa wa'adi. Mabuɗai dubu goma da aka cika tare da safe za su mutu tare. Ƙara wa kowanne 'yan daƙiƙoƙi na kan-mai-uwa-da-wabi, misali 600 da wani abu tsakanin 0 da 60.

Mataki na tara: iyaka da tsaro

Redis a kan na'ura mai bit 64 ba ya zuwa da iyakar ƙwaƙwalwa, sai ka sa maxmemory da kanka. Tsarinsa na asali kuma noeviction ne, wato idan ya cika sai ya ƙi karɓar sabon rubutu. Ga ma'ajiya, mayar da shi allkeys-lru, ko allkeys-lfu da ya zo a Redis 4.0, waɗanda ke korar wasu mabuɗai don samar da wuri idan ya cika. Wannan na nufin kowane mabuɗi na iya ɓacewa a kowane lokaci, don haka kada ka haɗa layin ayyuka ko wani abin da ba shi da kwafi a rumbu cikin wannan sabar. Kada kuma a yi amfani da umarnin KEYS wajen lissafa mabuɗai a sabar da ke aiki, SCAN aka tanada.

Ƙofar 6379 ta Redis da 11211 ta Memcached kada su kalli intanet. A watan Fabrairun 2018 an yi amfani da sabobin Memcached da aka bari a buɗe wajen kai wa GitHub hari da ambaliyar bayanai da ta kai tirabit 1.35 a daƙiƙa. Sa kalmar sirri, yi amfani da ACL mai iyakance izini da TLS mai ɓoye saƙo a hanya, waɗanda suka zo a Redis 6, kuma ka tuna duk dokar da ta hau bayanan mutane a rumbu ta hau kwafinsu.

Mataki na goma: sa ido, sannan ka kashe ta da gangan

Umarnin INFO na Redis na nuna keyspace_hits da keyspace_misses da evicted_keys. Amma jimilla na ɓoye abubuwa, ka ƙirga samu da rashi ga kowane nau'in mabuɗi daban. Nau'in da ba a cika samunsa ba, cire shi, ƙwaƙwalwa kawai yake ci.

Lissafin nan ya kamata ya zauna maka a kai. Idan buƙatu 10,000 ke zuwa a daƙiƙa kuma ana samun 99 cikin 100 a ma'ajiya, 100 kaɗai ke isa rumbu. Samu ya sauka zuwa 98, nauyin rumbu ya ninka biyu. Ma'ajiyar ta mutu, ya ninka ɗari. Bayan shekara guda ana jin daɗi, masu amfani sun ƙaru, ba wanda ya ƙara wa rumbu ƙarfi, kuma ba wanda ya san ko zai iya ɗaukar kayan shi kaɗai.

Saboda haka a wurin gwaji, da nauyi mai kama da na gaske, kashe Redis ana tsakiyar aiki ka ga abin da zai faru. Sannan ka tayar da shi babu komai a ciki ka sake kallo. Idan rumbu ya durƙushe, ka iyakance adadin tambayoyin da kowace sabar za ta iya tura masa a lokaci guda, ka ware shafukan da za a iya rufewa na ɗan lokaci, ka kuma rubuta ɗan aikin da zai cika mabuɗai mafi zafi kafin a buɗe wa jama'a. Ka tanadi maɓalli a saiti da zai kashe ma'ajiya ga nau'in bayani guda ba tare da an fitar da sabon kod ba, da kuma hanyar da masu kula da tsarin za su goge mabuɗi ɗaya idan an kawo ƙorafin tsohon bayani. A maimaita gwajin duk lokacin da aka ƙara sabon nau'i a ma'ajiya.